Noman ranin gidanmu a gefen Tamburawa, 2024 zuwa 2025

2 ga Nuwamba, 2024

Bana Baba ya sakar mini lissafin gona, don ciwon gwiwa ya hana shi zirga-zirga. Zan riƙa rubuta abin da muka yi da abin da muka kashe, don amfaninmu, kuma don masu ƙaramar gona irin tamu a kewayen Kano su gwada da nasu.

Ƙauyenmu yana ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, kusa da kogin da ya ratsa Tamburawa. Muna da fadama eka ɗaya a bakin ruwa da gonar tudu kamar eka uku, kuma baki goma sha ɗaya ke ci daga ciki. Ni malamin firamare ne a cikin gari, Asabar da Lahadi nake zuwa. Ƙanena ne a kan aikin kullum.

Daga damina mun samu masara buhu 14. Shida na ci ne, takwas na sayarwa. Wani mai saye ya zo har gida ya taya N62,000 kowane buhu. Baba ya ce a zuba a buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana ƙwari, a ajiye, domin tun tasowarsa hatsi da kaka yake araha, ya yi tsada daga bazara zuwa faɗuwar damina. An ajiye.

Tsarin fadama: rabi tumatir, kashi ɗaya cikin huɗu albasa, sauran a bar wa salak da alayyahu da za su fito da azumi. Irin tumatir yana wurin reno tun tsakiyar Oktoba.

9 ga Nuwamba

An yi kaftu, an fitar da fangali. N40,000. Iri gaba ɗaya ya ci N31,000.

10 ga Nuwamba

Yau mun zauna kan maganar alkama, kuma mun haƙura da ita. Shirin noman alkama na rani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Jigawa a Nuwamban 2023 yana sauke wa manomi rabin kuɗin iri da taki, shi ya biya rabi. Maganar tana da daɗin ji. Sai dai da hekta ake lissafin kayan, mu kuwa fadamarmu ba ta kai rabin hekta ba, kuma kafin a ba ka kaya sai ka ajiye naka kason a dunƙule. Wanda ke da hekta goma a Kadawa ko Auyo zai iya. Gidan da jarinsa albashin mutum ɗaya ne da adashin Inna, sai ya zaɓa: ko ya biya rabin, ko ya sayi man da zai ba da ruwa.

Baba ya kawo tarihin shirye-shiryen da ya gani da idonsa. Na 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana minista, da ake turo wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu na taki. Na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, bashi a kan shinkafa. Na takin da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, buhu N5,500. Ya ce kowanne ya ɗan taɓa wani, amma ba wanda ya daɗe har manomi ya gina tsarin gonarsa a kai. Da sabuwar gwamnati ta zo, sai a sauya suna, a sake rajista, a sake layi.

16 ga Nuwamba

Taki. Kamfa buhu biyu, N46,000 kowanne. Yuriya buhu biyu, N37,000 kowanne. Jimla N166,000, wato kusan buhu uku na masara a farashin da aka taya mana. Inna ta sayar da tunkiyarta aka cika.

Yuriya a ƙasar nan ake yin ta, a Fatakwal da Legas, da iskar gas ɗin ƙasar nan. Amma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, kuɗin taki dala yake bi, domin mai yin sa zai iya fitar da shi waje ya karɓi dala. Ga kuɗin dizal na tirelar da za ta kawo shi Arewa. Mu kuma da naira muke sayar da tumatir, ga mutanen da albashinsu bai bi dala ba.

23 ga Nuwamba

An gama dashen tumatir. 'Yan ƙwadago sun yi wuya. Duk saurayin da ke da ƙarfi ya gwammace ya bi motar safe zuwa wurin gini a Kumbotso ko Naibawa, a biya shi da yamma kuɗi a hannu fiye da abin da za mu iya ba shi. Yara 'yan makarantar allo da matan maƙwabta ne suka fitar da mu.

30 ga Nuwamba

Buhu huɗu ba zai ishi fadamar ba, don haka muka koma ga abin da kakanninmu suka sani: takin shara daga birni. Gonakin kewayen Kano sun daɗe suna ci daga jujin gari. Baba ya ce a zamaninsa da jakai ake yi, a kai itace da kara birni, a dawo da mangala cike da toka da kashin awaki. Shi ya sa ake nome gona ɗaya kowace shekara ba a hutar da ita, kuma ba ta mutu ba.

Mun sayi tifa biyu, N28,000 kowace. Da aka juye sai ranmu ya ɓaci. Abin da ya fi yawa leda ce, da robar ruwa, da fasassun kwalabe, har da tsofaffin batura da allurai. Muka yi ta tankaɗewa da raga, muna tsince abin da zai cuci mutum. Ƙanena ya yanke a tafin hannu, sai da aka kai shi aka yi masa allurar tetanus. Takin kirki da ya rage bai wuce cikin tifa ɗaya ba. Mun tara shi gefe, mun yayyafa ruwa, mun rufe da kara ya ƙara ruɓewa kafin ya shiga fangali. Ba zan sa shi a wurin salak ba, tunda ɗanye ake cin sa.

Da a ce hukuma za ta ware wuri a bakin gari inda ake rabe shara a fitar da taki mai tsabta, da ta taimaki ɗaruruwan gidaje irin namu fiye da buhunan da ake rabawa gaban kyamara. Garin zai rage bola, mu mu rage kamfa.

7 ga Disamba

Dashen albasa. Sanyi ya sauka sosai, tumatir yana jin daɗinsa.

8 ga Disamba

Mai shi ne babban ciwon noman rani yanzu. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, lita ba ta kai N200 a gidan mai ba. Wannan makon N1,100 muka saya. Injinmu mai inci biyu ne, yana shan kamar lita huɗu zuwa biyar kafin ruwa ya zagaye fangali, kuma sau biyu ake bayi a mako. Kusan N10,000 ke nan kowane mako, kafin zafi ya zo a ƙara.

Mun bi sahun maƙwabta, mun sa wa injin kafireto mai aiki da gas, N22,000 da kuɗin bakanike. Tukunyar mai kilo 12.5 aro ce daga gidan yayata. Cikawa N17,500.

21 ga Disamba

Tukunyar ta ƙare. A lissafina ta yi aikin fetur lita 18 zuwa 19, wato rangwamen bai kai N3,500 a kowace tukunya ba. Akwai sauƙi, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Kuma da sanyin asuba injin yana wahalar tashi, sai an fara da fetur sannan a juya.

A wannan makon ne kuma matatar Dangote ta rage farashin fetur, gidajen mai suka fara sauka ƙasa da dubu. Alheri ne ga kowa, har da mu. Amma lissafin da muka yi muka sayi kafireto ya rushe cikin mako biyu, don yanzu gas da fetur sun zo kunnen doki. Wannan shi ne abin da nake so masu tsara manufa su gane. Tumatir yana buƙatar wata huɗu daga reno zuwa kwando, masara wata huɗu a gona da wasu watanni a rumbu. Manomi yana yanke shawara ranar shuka bisa ƙa'idar da ya tarar, sai ranar girbi ya samu an sauya ta. Babban manomi yana da kuɗin da zai jira abu ya daidaita. Mu ba mu da shi.

28 ga Disamba

Noman ciyawa, an zuba yuriya zagaye na farko. Tumatir ya fara fure.

4 ga Janairu, 2025

An sace mana tiyo da daddare, wajen mita talatin. Sa'a ɗaya, ƙanena yana ɗauke injin zuwa gida kullum. Sabon tiyo N27,000. Bayi ya makara, fangalin da ke can sama sun yi yaushi, furen wasu ya zube. Masu fadamar layinmu mun haɗa kuɗi za a riƙa kwana ana gadi bi da bi.

12 ga Janairu

Dillalan filaye sun zo wurin Baba kan gonar tudu. Gonar da ke gabas da mu an riga an yanka ta awon igiya, an kafa duwatsu, har wani ya fara zuba bulo. Kuɗin da suka ambata, in aka raba shi da ribar da gonar ke bayarwa a damina, sai a yi shekaru masu yawa ba a noma kwatankwacinsa ba.

Suka kuma kawo maganar da ta fi tayar da hankali: in bai sayar yanzu ba, wata rana gwamnati za ta iya yanka wurin, a ba shi diyyar da ba ta kai ba. Ba ƙarya suka ƙirƙira gaba ɗaya ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, tana ba shi ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da abin da aka gina, ba ta ƙasar kanta ba. Mu kuwa ba mu da takardar komai sai shaidar mai unguwa da maƙwabta cewa gado ce.

Baba ya saurare su har suka gama, ya ce, "Na ji, Allah ya yi albarka. Amma in na sayar, bana mu ci kuɗi, baɗi mu ci me?" Suka ce ya yi shawara da yara.

Da suka tafi, ƙanena ya ce, "Yaya, gaskiya ni da za a sayar a saya mini adaidaita sahu, da na fi samu." Ban yi masa faɗa ba, domin lissafinsa ba shirme ba ne. Na ce ya bari mu ga ƙarshen rani. Abin da ke damuna shi ne, duk shirin noma da ake sanarwa, ban ji wanda ya ce za a kare gonakin bakin birni daga zama fuloti ba, alhali daga nan ganyen miyar Kano yake fitowa kowace safiya.

18 ga Janairu

An shuka salak da alayyahu kashi na farko. Za a riƙa shukawa daki-daki don kada su nuna lokaci ɗaya.

1 ga Fabrairu

Tsinkar tumatir ta farko, kwando tara. Mun ɗora a kurkura zuwa 'Yankaba. An sayar N13,000 kowanne. Da aka cire dako, da la'ada, da kuɗin kwando, da 'yan kuɗaɗen da ake karɓa a hanya da bakin kasuwa, N10,600 ya rage a kowane kwando.

15 ga Fabrairu

Kasuwa ta cika. Tumatirin Kura da Bunkure da Garun Malam ya fito gaba ɗaya, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta tumbatsa, abin da motocin Kudu ba su kwashe ba ya gangaro cikin gari. Kwando ya sauko N8,000, wata rana ƙasa da haka in rana ta take.

Wannan ba sabon abu ba ne, kowace shekara haka Fabrairu take. Abin da ya kamata ya zama sabo shi ne a ce yanzu akwai inda za a kai rarar. An buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa a 2016, a 2017 gwamnatin tarayya ta ƙara haraji mai nauyi kan markaɗaɗɗen tumatirin da ake shigowa da shi don a sayi na gida. Masana'antar ta sha tsayawa da tashi. Shekara takwas bayan wannan manufa, maganin da ya rage wa gidanmu shi ne wuƙa da rana. Inna da matan gida sun yanka kwando bakwai sun shanya kauɗa a kan tabarmi, za a ajiye zuwa damina lokacin da ɗanye ke tsada.

22 ga Fabrairu

Na leƙa Dawanau don jin farashin masara. N50,000 aka ce, kuma masu saye ba sa rububi. A bara warhaka farashi hawa yake yi kowane mako.

Dalilan da 'yan kasuwa ke bayarwa: damina ta yi kyau, naira ta ɗan tsaya, sannan hatsin waje. A Yulin 2024 ministan noma Abubakar Kyari ya sanar da dakatar da harajin shigo da masara, da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, da alkama, da wake, na kwana 150. Kafin nan, a Oktoban 2023, Babban Bankin Najeriya ya janye hanin sayar da dala ga masu shigo da kaya 43, ciki har da shinkafa. Manyan kamfanonin abincin kaji da na casar shinkafa, waɗanda a da suke turo wakilai su kwashe kaya, sun ja baya.

Ina zaune a cikin gari, na ga yadda yunwa ta yi wa mutane a 2024, na ga zanga-zangar Agusta, ina da ɗaliban da ke zuwa aji ba su karya ba. Ba zan ce kada abinci ya yi sauƙi ba. Gidanmu ma muna sayen shinkafa da mai da sukari. Abin da nake cewa shi ne, an sauke farashin abin da muke sayarwa da alƙalami ɗaya, ba a sauke na abin da muke nomawa da shi ba. Masarar nan da takin tsada aka yi ta. Kuma daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 an rufe iyakokin ƙasa ana ce mana mu noma abin da za mu ci, mutane suka ci bashi suka faɗaɗa gonaki. Yau an juya ba tare da an ce wa manomi ga ranar da za a buɗe, ga ranar da za a rufe, ga farashin da gwamnati za ta saya in kasuwa ta faɗi ba. Da an sanar tun kafin shuka, da mutum ya san abin da zai zuba a ƙasa.

2 ga Maris

An ɗauki azumi jiya. Salak da alayyahu sun fito daidai lokaci. Nan ne kusancinmu da birni ya yi mana rana: ana yanka bayan asuba, kafin hantsi yana hannun masu tebur a Tarauni da Unguwa Uku, kuma wasu matan masu sayar da kwaɗo suna aiko yara har gona. Ba mai shigo da alayyahu daga ƙasar waje. Kuɗin yana shigowa kaɗan-kaɗan kullum, da shi ake cefanen buɗa-baki da sayen mai.

9 ga Maris

Sharon, tsutsar tumatir, ta shigo. Da zafi ya fara, ƙanena ya ga ganyen tumatir yana yin fari-fari kamar an ƙona, in ka ɗaga shi a rana sai ka ga 'yar tsutsa a tsakanin fatar ganyen. Ita ce wadda malaman gona ke kira Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina a 2016. Tana shiga cikin ganye da cikin 'ya'yan, shi ya sa magani ba ya samunta da sauƙi, kuma tana saurin sabawa da maganin da aka maimaita mata.

Maganin farko da aka saya a wani shago bai yi komai ba. An fesa da yamma yadda aka rubuta a jikin robar, bayan kwana uku tsutsa tana nan da ranta. Ko jabu ne, ko ya lalace a ajiya, ko ƙwarin sun saba da shi, kuɗin dai ya tafi. Muka sayi wani iri daban mai tsada, ya ɗan rage ta, amma ta riga ta huda 'ya'yan da muke sa ran su za su kama farashi mai kyau a ƙarshen wata. Feshi gaba ɗaya na wannan rani ya kai N48,000.

Tun da muka fara, malamin gona bai taka layinmu ba. Shawarar magani daga mai shago take zuwa, shi kuwa abin da ke kan kantarsa zai ce ka saya. Na hana a tsinki tumatir washegarin feshi, ko da za mu yi asara, domin mutane ne za su ci.

16 ga Maris

Mun tuge tumatirin da ya rage, mun tara mun ƙone don kada tsutsar ta samu mafaka. An daina ba albasa ruwa, ganyenta ya kwanta.

23 ga Maris

An cire albasa, buhu bakwai. An sayar da biyar a N40,000, biyu an shimfiɗa a rumfa.

Masara kuma dole ta fita, saboda kayan sallar yara da kuɗin makaranta. N47,000 aka saya. A buhu takwas, N120,000 ƙasa da tayin Nuwamba, ban da kuɗin buhunan ajiya. Na ce wa Baba, "Baba, ku yi haƙuri, abin da kasuwa ta bayar ke nan." Ya ce shekara fiye da arba'in yana noma, bai saba ganin hatsi ya fi araha da azumin bazara a kan kaka ba.

5 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Ga lissafin fadama.

Abin da aka kashe: kaftu N40,000, iri N31,000, taki N166,000, shara N56,000, kafireto N22,000, fetur da gas N165,000, tiyo N27,000, feshi N48,000, ƙwadago N95,000. Jimla N650,000.

Abin da ya shigo bayan cire dako da la'ada: tumatir N505,000, ganye N185,000, albasa N200,000. Jimla N890,000.

Saura N240,000 a wata biyar, wato N48,000 a wata, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ban sa ladan ƙanena da na matan gida a ciki ba. Akwai kauɗa da albasa buhu biyu a ajiye, kuma gidan bai sayi kayan miya ba tun Fabrairu. Ganyen da ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na fili, kuma bai ci taki da feshi sosai ba, shi ya fi komai riba.

12 ga Afrilu

Mun zauna da Baba da Inna da ƙanena kan damina da rani mai zuwa.

A gonar tudu, masara eka ɗaya kawai, ta ci. Sauran dawa da gero da wake, da ɗan waken suya, tunda ba sa neman taki kamar masara. Maƙwabta da yawa haka suke cewa za su yi, har da masu shinkafa.

A fadama, tumatir zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma za a yi renonsa da wuri don ya riga cikar kasuwa. Rabin fili ganye ne: salak, alayyahu, lansir, da layin zogale a gefe. Na fara magana da masu abinci biyu a cikin gari kan su riƙa karɓa kai tsaye.

Za mu haƙa ramin taki a bayan gida, a riƙa tara kashin dabbobi da toka da ragowar ganye tun yanzu. Na tambayi kuɗin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ya fi ƙarfin gida ɗaya, don haka mu huɗu masu maƙwabtaka a bakin kogi za mu fara adashi daga ƙarshen wannan wata. Zan kuma fara bin hanyar samar wa gonar tudu takarda.

Ƙanena ya samu mai ba shi adaidaita sahu haya, zai riƙa fita da rana, safiya da yamma yana gona. Dillalan filaye sun aiko cewa za su dawo kafin ruwa ya sauka. Baba ya ce a fara kai taki gonar tudu ranar Asabar.